Jan Biron Malam Maimaita

In ka bi ta layin masu gyaran taya wajen ƙarfe huɗu na yamma, ka ji muryoyin manyan mutane daga saman bene suna rera magana ɗaya baki ɗaya, to ajin Malam Maimaita ne. Ɗalibansa ne suka liƙa masa sunan, don a yini guda ba kalmar da ke fita daga bakinsa kamar ita. Ka faɗi jimla a karkace, ya ce maimaita. Ka faɗe ta daidai, nan ma ya ce maimaita, wai don ta zauna. Tun yana ɗaure fuska in an kira shi da sunan har ya haƙura, yanzu ma in wani ya kira shi da na gaskiyar sai ya ɗan yi jim kafin ya waiwaya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana koya wa ma'aikata Turancin yau da kullum a ɗakin nan: direbobi, masu gadi, masu shara a asibiti, teloli, matan da ke tsaron kanti. Ba ruwansa da Turancin manyan littattafai. Nasa shi ne wanda mutum zai tambayi hanya da shi, ya nemi hutun kwana biyu a wurin aiki, ko ya faɗa wa likita inda ke masa ciwo. Ɗakin bai da girma. Benci biyar ne, sai teburinsa, sai taga ɗaya mai kallon rufin maƙwabta, da fanka wadda sai ta ga dama take juyawa. Warin roba daga ƙasa ya riga ya kama bango, har littattafan ɗalibai da shi suke komawa gida.

Ubansa kafinta ne, kuma abin da ya gada a wurinsa bai wuce abu biyu ba, iya riƙe zarto da ƙin ganin abu a karkace. Da zarton ya yanka 'yan katakai kamar tafin hannu, ya huda kowanne, ya rubuta kalma ɗaya ko biyu ta Turanci a jiki. A bango kuma ya kafa ƙusa huɗu a jere. Ta farko ta mai yin aikin ce, ta biyu ta aikin da ya yi, ta uku ta wurin, ta huɗu ta lokacin. "Turanci layi yake bi," in ji shi, "duk wanda ya tsallake layi a mayar da shi." Sai ya rataya katako huɗu aji ya karanta, ya cire ɗaya ya sa wani aji ya sake karantawa. Direba yana zuwa tasha kowace safiya. Tela yana zuwa tasha kowace safiya. Tela yana zuwa kasuwa kowace safiya. Akwai kuma wasu 'yan haruffa da Turanci ke liƙa wa aikatau a baya, wani in mutum ɗaya ne ke aikin, wani in aikin ya riga ya wuce. Malam wutsiya yake ce musu, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin nan, ko bayan shekara ashirin ne, in ya zo rubutu sai ya ji muryarsa a kunne tana tambayar ina wutsiyar. Da ƙusa huɗun nan mutane da yawa suka samu ƙarin girma a wurin aiki. Wasu sun yi masa nisa sosai, sai dai su wuce a mota su ɗaga masa hannu.

A cikin kwalin katakan akwai guda ɗaya da ya fi sauran sulɓi, gefensa ya cinye, rubutunsa an sake bi da fenti har sau uku. "Ɗana" aka rubuta a jiki. Kusan kullum da shi Malam ke buɗe darasi: ɗana yana zuwa gida kowace Asabar. Mutum goma sha biyu, wasu da furfura, su ɗauka baki ɗaya, ya ce maimaita, su maimaita. Rabon ɗan nasa da gidan kuwa shekara goma sha huɗu ke nan. Malam ma ya daina sa ran zuwan. Abin da yake jira wasiƙa ce guda ɗaya, kuma shi da hannunsa ya hana ta zuwa.

Yaron shi kaɗai Allah ya ba su. Uwarsa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, mace mai magana da dariya, irin wadda in ta fita sayen gishiri sai ta dawo da labarin unguwa uku. Da farko yaron ita ya biyo. Yakan dawo daga makaranta bakinsa cike da labari, tun daga ƙofa yake farawa kafin ya cire takalmi. To amma Malam ya kafa doka cewa a kan abincin rana Turanci za a yi, don yaro ya tashi da shi a baki, kada ya sha wahalar da ubansa ya sha. Wata rana yaron ya zo da labarin akuyar da ta shigo musu aji ta nufi teburin malama. Bai kai jimla ta biyu ba Malam ya ɗaga cokali.

"Ina wutsiyar?"

Yaron ya koma ya sa wutsiya.

"Lokacin fa, wa ya ce ka kawo shi tsakiya? Maimaita."

Ya maimaita. Uwar ta dire kofin ruwa ta ce, "Haba Malam, ka bar yaro ya kai ƙarshen labarinsa mana. Kai ba ka son ka ji abin da akuyar ta yi?"

"Zai kai, in ya faɗa daidai."

Bai kai ba. Ya sunkuyar da kai ya ƙarasa abincinsa. A hankali labaran suka ragu, suka koma kicin wurin uwar, da ƙaramar murya. Kafin ya shekara goma sha biyu 'yan unguwa sun sa masa Shiru-shiru, Malam kuwa har alfahari yake yi, wai ɗansa ba shi da surutu.

Malam ba mugun uba ba ne. Bai taɓa ɗaga wa yaron hannu ba, kuma in zazzaɓi ya kama shi, shi ne ke zama a bakin gado yana jiƙa tsumma yana matsewa yana ɗora masa a goshi. Illarsa ɗaya, bai san wata hanyar da ake nuna wa mutum ana sonsa ba sai a yi masa gyara. Ɗalibin da bai dame shi ba, sai ya ja masa alamar daidai ya wuce. Wanda yake ji da shi kuwa, littafinsa sai ya koma jawur.

Yaron na da shekara goma sha tara uwar ta rasu, kwana uku kacal ta yi a kwance. Sai a lokacin aka gane ashe ita ce ke kai saƙo tsakanin ɗaki da ɗaki. Maza biyu suka yi shekara biyu a gida ɗaya, gaisuwar safe, gaisuwar yamma, sai ƙarar cokali. Yaron ya koyi gyaran firji, ya ƙware, rannan ya ce ya samu wurin aiki a babban gari, tafiyar yini guda a mota. Ba faɗa, ba cacar baki. Malam ya raka shi tasha, ya miƙar masa da wuyan riga da ya lanƙwashe, ya dawo gida.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo. Aji aka kawo masa ita, kuma ranar duba aikin ɗalibai ce, yana zaune da tarin littattafai a gabansa, jan biro a hannu. Da hannun hagu ya farke ambulan, bai ajiye biron ba. Shafi biyu ce cike, kuma da Turanci, daga yaron da ya yi shekaru bai haɗa jimla uku a gaban ubansa ba. Daɗi ya kama Malam. A layi na biyu ya ga an manta wutsiya, hannu ya je da kansa ya sa. A layi na huɗu wata kalma ta tsallake layi, ya ja kibiya ya mayar da ita. Haka ya bi ta har ƙarshe, gyara ashirin da uku, sannan ya rubuta a ƙasa abin da yake rubuta wa ɗaliban da ya fi so: "Ka yi ƙoƙari. Sake rubutawa." Ya sa ta a sabon ambulan, ya kai gidan waya da ƙafarsa a ranar, yana tafe yana murmushi. A ransa cewa yake, yaron zai ga ba kalma ɗaya da ubansa ya tsallake.

Sai bayan kwana uku, yana cikin wanke kofi, wani abu ya faɗo masa. Kamar akwai maganar zazzaɓi a wasiƙar nan. Kwana tara ne ko bakwai? Kamar kuma an ambaci ruwa, an ambaci uwar. Ya tsaya da kofin a hannu yana lalube. Gyara ashirin da ukun nan zai iya jero su ɗaya bayan ɗaya, amma abin da yaron ya ce ya ƙi zuwa, takardar kuma ta riga ta kama hanya. Ya ce ba komai, in ya sake rubutowa sai in karanta a tsanake. Ya jira wata guda, ya jira shekara. Da farko girman kai ne ya hana shi rubutawa, daga baya kunya ta karɓi aikin.

Da wayar hannu ta shiga hannun kowa, ƙanwarsa ce ta samo lambar. Ita ce autar gidansu, har yau Auta yake ce mata duk da jikokinta biyar, kuma ita Shiru-shiru ke kira su yi awa guda suna hira, har sai ta ce kunnenta ya yi zafi. A bakinta Malam ya ji ɗansa ya buɗe shagon kansa, ya yi aure, an haifa masa 'ya'ya mata biyu. Malam ma yakan kira shi sau biyu ko uku a shekara, kuma yaron bai taɓa ƙin ɗauka ba.

"Kana lafiya?"

"Lafiya, Baba."

"Aiki fa?"

"Da godiya."

"Iyali?"

"Lafiya."

Daga nan sai a tsaya ana jin numfashin juna, da ƙarar guduma can nesa a shagon, har Malam ya ce to a gaida su. Amsa ce mai ladabi, ba inda mutum zai ce an yi masa ba daidai ba, kuma ba inda zai kama ya ja zancen gaba.

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Jakar aikin marigayiya tana saman akwatin kaya inda ta ajiye ta, bai taɓa buɗewa ba, ƙura kawai yake kaɗewa. Ƙarfe shida yake tashi, ya dafa shayi, ya sha a tsaye don zama shi kaɗai a gaban tebur yana yi masa wani iri. Ya kunna rediyo, in mai labarai ya yi tuntuɓe a Turanci ya gyara masa da ƙarfi, ya ɗan saurara kamar za a amsa. Wasu ranakun, kafin ƙarfe huɗu, maganar da ya yi ke nan da wani mahaluki. A hanyar aji yana bin allunan shaguna yana gyara su a zuci, ya san wanda ya rasa harafi tun shekara tara da suka wuce. Ran Asabar ba aji, sai ya share ɗakin yaron, ya buɗe taga iska ta shiga, ya sake rufewa. Wani lokaci yana cikin sharar sai akuyar nan ta faɗo masa a rai, don har yau bai san abin da ta yi a teburin malama ba. Kaɗaici ya yi masa yawa, kuma ya san da haka, sai dai ba shi da wanda zai faɗa wa.

Bara idonsa na hagu ya fara hazo. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, na hagun ya riga ya tafi, na daman kuma zai bi sawu, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai zai yi. Malam ya tambaya karatu fa. Likitan ya ce shekara ɗaya, in an yi sa'a biyu. Ya sayi gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙi, ya ci gaba da zuwa aji, katakan kuwa dama da hannu yake gane su. Amma tun daga ranar wasiƙar nan ta hana shi sakat. Murya a waya ya san iyakarta, kalma ɗaya take bayarwa. Yaron nan a takarda kawai ya taɓa buɗe masa cikinsa, kuma yana son ya ga rubutun hannunsa sau ɗaya tun ido na aiki.

A ajin bana akwai wani direban babbar mota, ƙato mai tumbi da dariya, wanda ya shigo don kamfaninsu ya koma ba su takardun kaya da Turanci. Shi ne ya lura Malam na yar da katako ya kasa ganinsa a ƙasa, sai ya riƙa tsayawa bayan an tashi yana taya shi tattarawa. Rannan ya ɗauko mai sulɓin nan ya juya shi a hannu.

"Malam, wai ɗan nan naka da ke zuwa kowace Asabar, ni fa Asabar uku ina bi ta layinku, ko takalminsa ban gani a ƙofa ba."

"Misali ne."

"To misalin nan dai ya sha hannu. Dubi na tela, kamar jiya aka yanka shi."

Malam ya karɓe katakon ya jefa a kwali, ya yi kamar bai ji ba. Sai da suka zo saukowa, yana bin bango da hannu, direban na gaba, sannan ya faɗi garin da yaron yake, da abin da yake yi, da shekarun.

Direban bai yi dariya ba. "Ai hanyata ce, Malam. Can nake sauke kaya. In da saƙo, ni ne gidan waya."

Safiya uku Malam ya yi a bakin taga da gilashinsa yana rubutu. Da Turanci ya yi, don da shi yaron ya rubuto, kuma hannunsa in ya hau takarda bai san wata hanya ba. Duk sanda ya yunƙura zai faɗi abin da ke ransa sai ƙusa huɗun nan su tsaya masa a gaba, wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe, abin kuwa ya ƙi ratayuwa a ko ɗaya. Ya yaga biyu, ta ukun ta fito fes.

Ran Lahadi Auta ta zo, kamar yadda ta saba zuwa ta wanke masa labule ta yi masa faɗa. Ita ba ta jin Turanci, kuma ta ce ba ta ga abin da ta rasa ba. Ta ga takardar a tebur ta ce ya fassara mata. Ya gyara murya.

"Ina lafiya. Ina fatan kana lafiya. Ina tashi ƙarfe shida kowace safiya. Ina zuwa aji ƙarfe huɗu kowace yamma. Ɗalibaina suna ƙoƙari. Ba ni da wata damuwa. Zan yi farin ciki idan na samu amsarka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba kuskure ko ɗaya."

"Yaya, wannan ai takardar neman aiki ce. Ina maganar idon? Ina maganar wancan abin da ka yi masa?"

"Ba a fara wasiƙa da kuka, Auta."

"To a ƙusa ta nawa ake rataya shi?"

Ya ninke takardar sau uku daidai-wa-daida, ya liƙe ambulan ya ajiye wa direban. Ita kuma ta kwashi labulenta ta fita tsakar gida tana mita, wai mutum ya tsufa da ilimi amma ko gaisuwa bai iya ba.

Kwana goma sha ɗaya direban ya yi bai dawo ba. A kwanakin nan Malam bai taɓa katakon "ɗana" ba, da tela da mai gadi ya yi ta buɗe darasi, har wata mai tsaron kanti ta tambaya ko ɗan Malam ya yi tafiya ne. Ya ce mata ta duba wutsiyarta. In ya ji babbar mota ta tsaya a ƙasa sai ya rasa inda yake a jimla, layin masu gyaran taya kuwa ba ya rabo da manyan motoci.

Rana ta goma sha biyu, wajen ƙarfe uku, yana shi kaɗai yana jera benci, ya ji takun mutum mai nauyi a matakala. Direban ya shigo yana share gumi, ya gaisa, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Na same shi, Malam. Shago ne babba, firji jere har bakin titi. Ba sai an nuna min shi ba, goshinka ne sak, har yadda kake karkata kai. A tsaye ya karanta, sau biyu. Sai ya ce ko ina da jan biro. Na ce ni direba me zan yi da jan biro. Shago uku ya shiga kafin ya samo aro a wurin mai magani. Ya ce in biyo washegari kafin in tashi." Ya miƙo ambulan. "Ni dai ban buɗe ba. Amma ya fi yadda na kai shi kauri. Bari in sauka in sha shayi."

Direban na fita, Malam ya ɗauko gilashinsa. Ya ja kujera bakin taga, ya farke ambulan, takardar farko da ta fito tasa ce. An dawo masa da ita. Ya ji abin ya soke shi har cikin ƙashi, ya kuma san bai da bakin magana, don shi ya fara. Duk da haka, da ya ɗora gilashi, abin da idonsa ya fara nema shi ne inda ya yi kuskure. Bai yi ba. Ba wutsiyar da aka ƙara, ba kibiya. Wuri biyu kawai aka ja layi, aka yi rubutu ƙanana a gefe, kuma ba da Turanci ba, da harshen da yaron ke yi wa uwarsa hira a kicin.

A ƙarƙashin "Ina lafiya" an rubuta: "Ba haka Gwaggo ta faɗa min ba."

A ƙarƙashin "Ba ni da wata damuwa" an rubuta: "Ni ina da ita."

Can ƙasa kuma: "Ka yi ƙoƙari, Baba. Sake rubutawa. Ga tawa nan, ita za ka amsa."

Ya sa yatsa cikin ambulan ya zaro sauran. Shafi biyu ne da suka tsufa suka yi ruwan ƙasa, wajen ninkin ya tsage an liƙe da salatif. Ko ba gilashi yana ganin jan, wuri ashirin da uku. Shekara goma sha huɗu yaron na ajiye da ita. Malam ya gyara zama zai fara, sai ya ga jan biro a hannunsa na dama, bai san sanda ya zaro shi daga aljihu ba. Ya dube shi, ya tashi ya kai shi cikin kwalin katakai ya rufe, ya dawo.

Karatun bai zo da sauƙi ba. Jan ya hau kan kalmomin yaron, inda ya soke kalma kuwa sai ya ɗaga takardar ga hasken taga kafin ya gane abin da ke ƙasa. Layi-layi ya bi. Ɗakin da yaron ke kwana yana bayan shago ne, rufin na yoyo ta wajen ƙafafu. Zazzaɓin kwana tara ne. A rana ta uku ruwan da ke jarka ya ƙare, ya kasa tashi, yana jin mutane na wucewa ta bayan bango amma bai san sunan kowa ba balle ya kira. Ya ce ya yi mafarkin Mama. Ya ce amma abin da ya fi tunawa hannun Baba ne yana matse tsumma, har yakan rufe ido ya jira a ɗora masa, duk da ya san ba kowa. A layin ƙarshe ya ce da Turanci ya rubuto don ya san shi Baba ke so, a yi haƙuri da kurakurai. A wannan layin ma akwai gyara biyu.

Malam ya kife takardar a cinyarsa. Idon da likita ya ce ya mutu, ashe bai manta hawaye ba, tare suka zubo da mai ganin. Ya bar su, don ba kowa a ɗakin.

Ƙarfe huɗu ɗalibai suka fara hawowa, suka tarar da shi a bakin taga, bango ba katako ko ɗaya. Suka zazzauna suna kallon juna. Direban ne ya shigo ƙarshe.

"Yaushe za ka koma?" in ji Malam.

"Jibi, in Allah ya yarda."

"To. Yau ku ɗauko katakan ku haɗa da kanku. Biron da ke ciki ku bar shi a nan." Ya juya wajen mai tsaron kantin nan. "'Yata, ara min naki."

Ta miƙa masa shuɗin biro. Ya yago takarda daga tsakiyar rajistar aji, ya ɗora a kan gwiwa. A bayansa aka fara ƙwanƙwasa katakai a ƙusa, wani ya rataya lokaci a gaban mai aiki, aka yi ƙasa-ƙasa da dariya ana jiran ya yi magana, bai waiwaya ba. Da manyan haruffa ya rubuta, da harshen gida:

"Ɗana, zazzaɓin nan da ka yi, wa ya kawo maka ruwa?"

Layin ya karkace ya gangara kan na ƙasa. Ya gani, ya bar shi haka, ya ci gaba da rubutu.